Jiran Babban Baƙo Zai Raba Mu da Filin Lahadi

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Gasar Ƙwallon Ƙafa ta Ɗalibanmu da ke jami'o'in Guangzhou.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa da uba, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali na nan da na Kano. Yaya kasuwa, yaya haƙuri da jama'a? Allah ya ƙara girma, ya taya ka riƙon abin da ya ɗora maka.

Ranka ya daɗe, Bashir ne, ɗan ajin ƙarshe a sashen haɗa magunguna, wanda filin da ake buga gasar nan yake hannunsa. A gaban jama'a Shugaba nake ce maka, a gida kuwa Kawu, domin kai da mahaifina layinku ɗaya a kasuwa tun ban yi wayo ba, kuma ranar da na sauka a garin nan a ɗakinka na unguwar Sanyuanli na kwana, a kan katifarka, kai kana ƙasa. Ban manta ba. Na fara da wannan ne saboda na san abin da za a ce da zarar takardar nan ta fita, za a ce Bashir ya yi butulci, boko ya hau masa kai. To a ce. Na same ka a shago a titin Zhanxi Lu ina tsaye tsakanin kwalayen takalma na gaya maka damuwata, ka zuba mini shayi ka ce a yi haƙuri. Na bi ta hannun Sakataren kwamitinka, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Kuma zagin da aka yi wa ɗalibai a guruf ɗin al'umma aka yi shi, kowa ya karanta, don haka amsar ma gara kowa ya karanta.

Ga abin da ke gabanmu a taƙaice. Ranar Laraba mai zuwa shugabar sashen wasanni ta jami'armu za ta zauna a kan maganar filin da muke buga ƙwallo duk Lahadi, ko a bar mana shi ko a ƙwace a ba wasu. Ba faɗa muka yi ba, ba mu fasa komai ba, ba kuma rashin tarbiyyar ɗalibai ba ce kamar yadda aka yaɗa. Wasanni huɗu kwamitinka ya ɗage ko ya lalata tun da aka fara gasar bayan ƙaramar sallah, kuma duk a kan abu ɗaya, wato jiran babban baƙo.

Ina jin ba a taɓa zaunar da kai an gaya maka yadda aka samu filin nan ba, shi ya sa kake ganinsa kamar filin firamaren unguwa, wanda kowa zai shiga da ƙwallonsa in ya ga dama. Yayyenmu da suka riga mu zuwa a kan siminti suke bugawa, a filin ƙwallon kwando na bayan ɗakunan kwana, in masu shi sun tashi. Malam Chen, malamin wasanni na jami'armu, shi ya wuce wata rana ya ga ana ɗaure wa wani ƙafa da ɗankwali, ya tsaya ya tambayi dalili, daga nan ya je ya sa sunansa. A nan jami'a ba ta ba baƙin ɗalibai fili haka kawai, sai wani malami ya tsaya musu, kuma duk abin da suka yi a wuyansa yake. Aka ba mu awa biyu duk yammacin Lahadi a filin ciyawa. Sharaɗin ba shi da wuya: ku shiga a kan lokaci, ku fita a kan lokaci, in ba za ku zo ba ku faɗa tun da kwanaki don a ba wasu. Ƙungiyoyin ɗaliban ƙasar da ke neman awa biyun nan ruwa a jallo suna da yawa. Shekara da shekaru filin yana wucewa daga hannun mai tafiya zuwa hannun wanda ya rage, ba a taɓa kai ƙararmu ko sau ɗaya ba. Ni aka damƙa wa bara, bayan gwiwata ta hana ni buga wasa.

Da kwamitinku ya zo da maganar gasa tsakanin jami'o'in da yaranmu ke karatu, wallahi murna muka yi. Kun tanadi riguna masu lamba, da sababbin ƙwallaye, da alƙalin wasa ɗan Ghana mai kati a aljihu, da kofin da ke ɗaukar ido. Sai kuka sa sharaɗi ɗaya, cewa kowane wasa sai da babban baƙo daga cikin manyan 'yan kasuwa, a buɗe da addu'a, ya yi jawabi, ya taɓa ƙwallo da ƙafarsa, sannan a take. Muka ce ai al'adar gida ce, wa zai ƙi? Amma tun a ranar na gaya wa Sakatare cewa awa biyun nan ba ta miƙewa, ko wane ne ya zo. Ya yi dariya ya dafa kafaɗata, ya ce in bar musu wannan, su suka riga ni zuwa China.

Ga yadda ta kasance.

Na farko. Ranar buɗe gasa ƙungiyoyin biyu sun hallara tun kafin lokaci. Yaran ɗayar jami'ar daga can kudancin gari suka taso, suna ta sauya layin metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, da jakunkuna a kafaɗa, wasu ko abincin rana ba su tsaya ci ba. Mun ɗaura takalma, alƙalin wasa ya rataya usur, sai waya ta shigo cewa babban baƙo yana wani kamfanin takalma a wajen gari yana duba samfur, ba zai samu zuwa ba, an ɗage. Na roƙi Sakatare a buga haka nan, ko shi ya taɓa ƙwallon a madadinsa. Ya ce wannan raini ne, in hoto ya kai ga Alhajin cewa an taka leda ba shi, da wane ido kwamiti zai kalle shi? Ya tattara ƙwallayen a buhu ya zauna a kai kamar mai jiran mota a tasha, har aka samo masa tasi. Muka yi zaune a gefen fili, ciyawa tana kallonmu muna kallonta. Mai gadin fili ya kai rahoto cewa an kama wuri ba a yi amfani da shi ba.

Washegari na je na gaya wa Malam Chen gaskiyar abin da ya faru. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko mutumin da aka jira ɗan wasa ne, kuma a wane gida yake bugawa. Da gaske yake tambaya, ba zolaya ba. Na yi shekaru ina koyon yaren mutanen nan, amma na rasa kalmar da zan fassara masa babban baƙo da ita.

Na biyu. Wannan karon baƙon ya zo, amma bayan kusan rabin lokacinmu ya tafi, da tawagarsa ta lodin motoci. Aka yi addu'a, kuma babu ɗalibin da ya taɓa ƙorafi a kan addu'a. Sai Sakatare ya karɓi lasifika ya shiga gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, kowa da kirarinsa da sunan kasuwarsa, duk wanda aka kira kuwa sai ya ce ba zai ja dogon bayani ba, sannan ya ja. Wani dattijo ya ba mu labarin yadda yake tsaron gida a Fagge yana saurayi, ya gangaro har zuwansa China na farko da abin da ya ci a jirgi. Yara suna jere a rana, gumin motsa jiki ya bushe musu, ƙafa ta yi sanyi. Aka yi hotuna, aka sake saboda wani bai fito ba. Da aka take wasa ko hutun rabin lokaci ba a kai ba mai gadi ya busa nasa usur ɗin, ga masu bin mu a layi sun jeru da kayansu a bakin fili.

Nan ne aka yi abin da har yau ban manta ba. Wani daga cikin tawagar ya nufi mai gadin yana murmushi, yana ce masa lawban, wato maigida, ya dunƙula masa wani abu a hannu don ya ƙara mana lokaci. A gida wannan ihsani ne, mai gadi ya yi godiya ya kau da kai. A nan kuwa akwai kyamara a kan kowane turke, kuma mutum yana iya rasa aikinsa a kan haka. Bawan Allah ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi, yana ta maimaita meyo, meyo, babu, babu, yana waige-waige. Shi ma ya kai rahoto, kuma ban ga laifinsa ba, iyali gare shi. Kwamiti ya ce wasan bai ƙirgu ba, a sake.

Na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai. A ƙasar nan in aka ba da dogon hutu, kamar na ranar ma'aikata a farkon Mayu, ba kyauta ake bayarwa ba. Sai a ɗauki wata Asabar ko Lahadi ta kusa a mai da ita ranar aiki da karatu, a rama. Duk ɗalibin da ya shekara a nan ya sani. Kai ma ka sani, Kawu, don banki da kamfanoni a buɗe suke ranar, kuma ba ka taɓa rufe shago a kan haka ba. Lahadin da ke gaban hutun irin wannan ce, ranar darasi ce cur, filin ma ba namu ba ne ranar, na azuzuwa ne. Amma a kanta kuka sa wasan da za a sake, saboda wani babban Alhaji da ya zo baje-koli zai tashi Litinin, kuma ana so ya ga abin da al'umma take yi wa ɗalibai. Na rubuta wa Sakatare, na kira shi, na kira ka. Amsar da ta dawo mini ita ce Lahadi Lahadi ce a ko'ina a duniya, ɗalibai su nemi izini.

Wane izini? Ni ina ɗakin gwaji ranar, malamar da ke kanmu ko fitsari za ka sai ta dubi agogo. Wasu jarrabawar gwaji suke rubutawa. Mutum ya baro uwa da uba ya ƙetaro duniya, ya bar aji don wani ya taɓa ƙwallo da ƙafa a ɗauke shi hoto?

Abin takaici, ranar ce kaɗai kuka zo a kan lokaci. Kun zo da kujerun haya da darduma da katan-katan na ruwa, kuka tarar da 'yan aji ɗaya na ƙasar suna darasi a fili, wani dattijo mai tsohuwar rigar motsa jiki yana tsaye a gabansu da usur. Sakatare ya ɗauka ma'aikacin fili ne. Ya je ya tsaya a kansa, ya sa waya tana fassara masa, ya umarce shi ya kwashe yaransa, manyan mutane sun zo kuma filin namu ne ranar Lahadi. Da dattijon bai motsa ba sai ya ɗaga murya, yana nuna masa ƙofa da hannu. Ranka ya daɗe, Malam Chen ne. Mutumin da ya sa sunansa aka ba mu filin, shi aka kora daga filin a gaban ɗalibansa, kana zaune a kujerar gaba. Wata ɗalibarsa da muke gaisawa ce ta ba ni labari, ta ce juyawa ya yi ya ci gaba da darasinsa har kuka gaji kuka tafi.

Da yamma na fito daga aji na buɗe waya, sai ga dogon rubutun Sakatare a guruf, wai ɗalibai sun kunyata al'umma, sun bar iyayensu a rana, yaran yanzu ba su da tarbiyya, an ba su riga da ƙwallo sun raina mutane. Jama'a suka yi ta tofa albarkacin bakinsu, har da waɗanda ba su san hanyar jami'ar ba. Na jira ka gyara, tunda kai na kira da kaina na gaya maka ranar karatu ce. Abin da ka rubuta a ƙasa shi ne Allah ya shirya. Wallahi, Kawu, na ji zafin wannan fiye da duk zagin da ke samansa.

Na huɗu. Na koma wurin Malam Chen na ba shi haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ce ya wuce. Na ba shi kalmata cewa wasan ƙarshe zai gudana yadda ya kamata, domin kai ka ba ni taka a shago. Su wa za su buga wasan ƙarshen ma da ƙuri'a kuka fitar a bayan kantar shago, tunda babu wasan da ya kammala, muka haɗiye wannan ma. Malam Chen kuwa don ya gyara abin da ya ɓaci, ya gayyato shugabar sashe ta zo ta gani da idonta cewa mu mutanen kirki ne, ya kuma cika benci da ɗalibansa. Ranar wasan, ana gab da farawa, saƙo ya fito: an ɗage, ana loda kwantenar babban baƙo, motar za ta wuce tashar jiragen ruwa ta Nansha, ba zai iya barin sito ba. Aka ƙara da cewa duk ƙungiyar da ta buga ba da izinin kwamiti ba an kore ta daga gasa. Ba alƙali, ba riguna, ba ƙwallo. Yaran da ke hanya suka juya. Shugabar sashe ta zauna tana kallon 'yan tsirarunmu muna zagaye da wayoyi a hannu, ta ɗan jima, ta miƙe ta tafi.

Ba na jin haushin mai kwantena. Dukiyarsa ce, kuma ya yi daidai da ya tsaya a kanta. Abin da ke damuna shi ne wannan ya nuna kun san lokaci sarai. Ban taɓa jin ɗayanku ya makara wurin lodi ba. Ban taɓa jin an roƙi jirgin ruwa ya jira a gama jawabi ba. In mai kamfani ya ce ƙarfe tara, tun takwas da rabi kuna bakin ƙofa da kwalin shayi a hannu. Ashe lokacin da ba shi da daraja namu ne kawai, na ɗalibai, da na malamin da ya tsaya mana. Ruwan bazarar garin nan da ke zuba kamar da bakin ƙwarya bai taɓa jawo mana rahoto ba, domin in an soke wasa saboda ruwa kowa ya gane. Abin da ba wanda ya gane a jami'ar nan shi ne matasa masu lafiya su kama fili su zauna suna jiran wanda ba zai buga ba.

Na san akwai masu cewa duk wannan surutu a kan ƙwallo? Karatu aka turo ku ko wasa? Bari in gaya musu abin da filin nan yake a wurinmu. Ku kuna da Sanyuanli. Ka fito daga masauki ka ji Hausa, ka shiga gidan abinci ka ci tuwo, ka zauna a shagon wani a yi hira har a tashi. Mu a warwatse muke, wani shi kaɗai ne baƙar fata a ajinsa, wani a benensa gaba ɗaya. Sati guda cur muna magana ƙasa-ƙasa, a aji, a metro, a ɗakin kwana, kada a ce baƙi sun cika hayaniya. Ranar Juma'a a guje ake zuwa masallaci a guje ake komawa aji. Awa biyun nan ta Lahadi ita ce kaɗai inda ɗan Kano zai buɗe maƙogwaro ya ƙwala wa ɗan Zinder kira da Hausa, a yi musu, a yi tsiya, a yi dariya har da faɗuwa, ba wanda ya juyo ya kalle mu. A gefen filin ake sanin wanda ba shi da lafiya, da wanda aka yi wa rasuwa a gida ya ɓoye, da wanda jarrabawa ta kayar yana jin kunyar faɗa.

Akwai Lawali, yaron Maraɗi da ke karatun injiniya. Watanninsa na farko ko ƙofar ɗaki ba ya leƙawa in ba aji ba, abincin nan ya ƙi shi, ya rame har wando yana zame masa, ya riga ya gaya wa mahaifiyarsa zai dawo. Da ƙyar muka ja shi fili, muka sa shi a raga don ba mu da gola. Yau shi ne ya fi kowa surutu, yana zagin 'yan bayansa da Hausa yana ƙarasawa da Faransanci, kuma shekara ɗaya ta rage masa ya gama. Ban ce ƙwallo ce ta yi masa karatu ba. Na ce da babu filin nan da yanzu yana gida. In Allah ya kai mu Satumba wasu irinsa za su sauka, ni kuwa na tafi, kuma ina so in bar musu abin da aka bar mini.

Ba girmama manya muke ƙi ba. Mu muke ɗauko muku jaka a filin jirgi, mu muke raka baƙinku asibiti mu yi musu tafinta, kuma ba mu taɓa ganin hakan a matsayin wahala ba. In babban baƙo ya zo, mu shimfiɗa masa darduma da hannunmu. Amma girman da sai an ci mutuncin wani dattijo kafin a ba da shi, ni ban san shi a tarbiyyar da aka yi mini ba, kuma kai ka san gidan da aka yi mini ita.

Shugabar sashe ta ce ranar Laraba tana son ganin wanda yake tsara ranakun wasa, shi da kansa. Da na kawo maka saƙon ka ce ranar kana da baƙi, za ka aiki Sakatare da takalman fata masu kyau, ƙafa ɗaya nata, ƙafa ɗaya na Malam Chen. Kawu, don girman Allah kada a yi haka. Mutumin da ya nuna wa malami ƙofa shi za a tura, kuma da kyauta a hannu, wurin mutanen da suka riga suka rubuta mu a kan abin da aka dunƙula wa mai gadi? In ana so a rufe maganar filin tun kafin a zauna, to wannan ce hanya.

Saboda haka ga abin da nake roƙo.

Ɗaya, ka zo da kanka ranar Laraba da ƙarfe goma na safe, hannu sake, ka ce kwamiti ne ya yi kuskure, ka ba Malam Chen haƙuri a gaban shugabarsa. Ni zan yi maka tafinta, kuma ba zan ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ka faɗa ba.

Biyu, a mayar wa ɗalibai tsara ranakun wasa, tunda mu muke da kalandar makaranta a hannu. Ƙwallaye da riguna su zauna a wurin kyaftin-kyaftin. In lokaci ya yi a take wasa, baƙo ya zo ko bai zo ba. In ya iso ana cikin yi, ga kujera, ga ruwa, ya miƙa kofi a ƙarshe, ya yi jawabinsa a wajen fili iya son ransa, za mu tsaya mu saurara.

Uku, a janye rubutun da aka yi a kanmu a guruf, a wurin da aka yi shi. Akwai iyayen da aka tura wa shi har Kano da Maraɗi, kuma akwai yaran da suka sha faɗa a waya a kan laifin da ba su yi ba.

In kuwa kwamiti ya ga ba zai iya gasa ba babban baƙo ba, to mun gode da abin da aka yi mana, za mu wanke rigunan da suka rage a hannunmu mu ninke mu kawo shago, kofin ma dama bai taɓa barin can ba. Da tsofaffin rigunanmu muke bugawa kafin ku zo.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Jiya na je ofishin Malam Chen in gaya masa wataƙila ba za ka samu zuwa ba. Ya ce kada in damu, in ba ka zo ba shi zai tashi a gaban shugabarsa ya ce laifinsa ne, shi ne bai yi mana bayanin dokokin fili yadda za mu gane ba. Ya ce in ya ɗauki laifin za a rubuta masa gargaɗi, amma wataƙila a bar mana filin, kuma shi saura kaɗan ya yi ritaya, gargaɗi ba zai rage shi da komai ba. Ƙarya zai yi wa kansa, Kawu. Ya yi mana bayani tun ba yau ba, kuma mun gane. Mutumin da ba addininmu ɗaya ba, ba ƙasarmu ɗaya ba, bai san ko sannu da Hausa ba, zai sunkuyar da furfurarsa a gaban wadda ta girme shi a muƙami kawai, don manyanmu sun fi ƙarfin cewa mun yi kuskure. Na fito daga ofishin nan na zauna a kan matakala na yi kuka, ban kuma ji kunyar masu wucewa ba.

Ba zan bari ya yi haka ba. Na yi magana da kyaftin-kyaftin, har da Lawali, kuma bakinmu ɗaya. Ranar Laraba zan tsaya a ƙofar jami'a ina jiranka. In goma ta buga ban gan ka ba, zan shiga ni kaɗai, kuma kafin Malam Chen ya buɗe baki zan miƙe in ce mun mayar da filin da kanmu, a ba masu jira. Yaran da za su sauka a Satumba su koma kan siminti, in sun tambayi dalili a nuna musu takardar nan.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi wa kasuwarka albarka, ya kai kayanka gida lafiya, ya raya maka zuri'a, ya sa su samu masu tsaya musu a duk ƙasar da suka je. Allah ya ba ka ikon tasowa ranar Laraba. In na yi kaushin harshe a yafe mini, amma babu abin da na faɗa wanda zan janye.

Wassalam.

Ɗanka,
Bashir,
mai riƙe da filin Lahadi zuwa ranar Laraba.